Kwalabe Cikin Tabarma

Ni ne Mamman mai tabarma, mutumin Galma ta ƙasar Madawa. Na ambaci sunan Allah kafin in kama alƙalami, don abin da zan faɗa yana da nauyi, kuma na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai. Labarin jinyar yayana ne, Idi, wanda duk gari ke kira Kafaral, wato kofur, muƙaminsa na soja. Wanda ya karanta ya tsinci abin da zai amfane shi. In kuma ya ga dama ya zage ni, ba zan ce ya yi laifi ba.

Kafaral ya yi shekara goma sha biyu yana sojan Faransi. An kai shi Indoshin, an kai shi Aljeriya, ya komo gida shekara biyu bayan samun mulkin kai. Dogo ne, ƙirji cike da gashi, gemu baƙi wuluk, in ya yi sallama a ƙofar gida har matan rijiya sai sun amsa. Ya saya wa Inna, mahaifiyarmu, shanu, ya sa siminti a bakin rijiyar unguwa, anka ba shi wuri a sahun gaba na masallaci. Ni kuwa ina yaro ya tafi, to ka san irin kallon da nake yi masa. Da ya ce in kama maciji da hannu, wallahi kamawa zan yi.

Sai dai ya komo da wani abu da ba ya cikin akwatinsa, wato shan giya. Ya ce a bariki tare da abinci ake raba musu ita, ba wanda ke ɗaukar ta a bakin komai. Tasa ita ce ta kwalba, wadda Faransawa ke kira biyer, bakinmu kuma ya mai da ita biyar. A Galma ba inda zai same ta, kuma mutum mai sahun gaba ba ya tsayawa ƙofar kantin giya. Nan na shigo.

Duk ranar kasuwar Madawa ina kora jakai biyu da tabarmi. Waɗanda ba su sayu ba, a naɗe suke komowa gida, kuma ba mai tambayar mai tabarma abin da ke cikin naɗinsa. Akwai wani kanti bayan tasha. Sai in naɗe kowace kwalba da tsumma don kada su yi ƙara, in zura su cikin tabarmi, in toshe baki da kaba. Wani sati goma sha biyar, wani sati ashirin. Kafaral yana da shago a ƙofar gida, ya haƙa rami ƙarƙashin randa ya cika da jiƙaƙƙen yashi, nan yake binne su su yi sanyi. Shekara biyar ina wannan aiki ban fasa kwalba ko ɗaya ba, har alfahari nake yi da haka, Allah ya yafe mini.

Yana da wani barkwanci. In ya rufe shago sai ya ce mini, «Ni dai ba ni fashin biyar ɗina.» Mu yi dariya. Wata rana Inna, wadda ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, ta tare ni a bakin rumbu ta ce, «Mamman, yayanka shina kiyaye biyar ɗinshi kuwa? Ka san zaman bariki.» Salla take nufi. Na dube ta na ce, «Ko kwana ɗaya ba ya fashi, Inna.» Har na koma shago na ba shi labari, munka yi ta dariya kamar mun yi abin kirki.

Matarsa Rabi ƴar Dewule ce, ta ƙasar Buza. Gajera, mai kaifin baki, kuma tsakaninmu akwai wasan matar wa da ƙanin miji. Ba ta kirana Mamman, sai «Ɗan Kaba». In na shigo ta ce, «Ɗan Kaba, yau ma kasuwa ta ƙi ka? Tabarmin nan naka sun fi ka son gida.» Ni kuma in ce tuwonta ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Sun haifi ɗiya ɗaya, Dije, a shekarar farko. Daga nan shiru.

Ciwon bai zo da sallama ba. Da farko ciki ne ya fara fitowa, mutane sunka riƙa yi masa barka. «Kafaral, kuɗin soja sun karɓe ka!» Ana shafa cikin ana cewa tumbin arziki ne, shi kuma yana murmushi, alhali hannuwansa ƙara sirancewa suke yi. Sannan gemu ya fara zubewa. Bayan kaka, shekara ta biyar da komowarsa, muna gayyar gina rumbun laka, rana ta yi zafi ya tuɓe riga. Gashin ƙirjin nan duk ya tafi, ga nono biyu sun tasa kamar na budurwa. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya mai da ita tari. Kafaral ya mai da rigarsa, bai sake tuɓe ta gaban mutum ba.

Satin nan ya je wurin wanzami neman maganin maza, ya faɗa masa a asirce cewa ya fi shekara ba ya iya komai a ɗakin matarsa. Asirin da wanzami ya ji kuwa, ai kasuwa ce ta ji. Kafin Juma'a magana ta gama gari: an yi wa Kafaral asiri, an mai da shi mace. Wa zai iya? Sai wadda ke dafa masa abinci. Wai Rabi ta ji yana shirin ƙarin aure, ta ɗaure shi. Ba wani shirin aure da yake yi, amma ba wanda ya tsaya tambaya.

Satin farko na jinya wanzami ya yi masa ƙaho a baya da ciki. Sati na biyu anka kawo wani mai magani daga duwatsun Keita, ya ba da sassaƙe a jiƙa, ya ce a turara ɗaki, ya tafi da akuya. Malam ya yi rubutu anka wanke ya sha. Kowa ya zo dubiya da nasa: wannan ya ce man shanu da barkono, wancan ya ce a tona bakin murhu za a ga layar da anka binne. An tona, ba a ga komai ba, sai anka ce ta iya ɓoyo. Ni ina tsaye ina kallo, kuma ranar kasuwa ban fasa nawa aiki ba.

Sati na uku ƙafafunsa sunka kumbura, takalmin soja ya ƙi shiga. Na ɗora shi bisa jaki munka tafi disfansar ta Madawa, ƙaramin gidan likita ke nan. Tun hantsi muke layi a rana har azahar ta gota, ga mata da yara, ga ƙuda, ba inuwa sai ta bango. Da munka shiga, anfarmiye, wato mai ba da magani da allura, ya danna cikin, ya ja fatar ido ya duba, ya daɗe yana kallon ƙirjin. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Ya juyo gare ni ya sassauta murya ya ce, «Ka gaya mini gaskiya. Yana shan wani abu?»

Ƙofa a buɗe take. A bayanmu cikin layi akwai mutanen Galma uku, har da ƙanin liman. Na ɗaga murya yadda za su ji na ce, «Subhanallahi! A gidanmu? Mutumin ga ko goro ba ya ci da yawa.»

Ya dube ni, ya dubi Kafaral, Kafaral ya dubi ƙasa. Ya ce to, wataƙila tsargiya ce ta daɗe ta taɓa hanta, ya ba da ƙwayoyi, ya ce mu komo bayan sati biyu. Likita da abin da ka gaya masa yake aiki. Muna fita, Kafaral ya ce, «Mamman, mu bi ta bayan tasha.» Munka bi. Ranar nan ƙwayoyin likita da kwalabe jaki ɗaya ya ɗauko su.

Ina gaya wa kaina cewa rufin asiri nake yi. Ai an ce wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri Allah zai rufa masa. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Sati na huɗu Inna ta hana Rabi dafa masa abinci. Na biyar, Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar. Kafaral na zaune jingine da bango. Anka kira Rabi ta durƙusa. Baffa ya ce, «Yarinya, in kin san abin da kinka yi, ki kwance. Ba mu son tone-tone.»

Ta ce, «Baffa, ban yi komi ba. A kawo Alƙur'ani in dafa.»

Inna ta ce, «Mai yin wanga aiki rantsuwa za ta yi mata wuya?»

Rabi ta dubi mijinta. Bai ɗaga kai ba. Sannan ta juyo ta dube ni. Ita ce ke share shagon nan, ita ke wanke rigunansa, ita ke kwashe kwalaben da sunka ƙare ta binne bayan tsohon rumbu. Ta san komai, kuma ta san na san ta sani. Ba ta ce Ɗan Kaba ba. Ta ce, «Mamman, kai ba ka da ta cewa?»

Kalma biyar ta ishe ni in fitar da ita. Na ce, «Ni mi na sani?»

Anka yanke ta tafi gidansu har a ga yadda jikin zai yi, Dije kuma ta zauna wurin Inna. Ba saki ba ne, amma kowa ya san abin da ake nufi. Da safe ni anka sa na raka ta Dewule. Tafiyar wuni ce, sai da za mu rabu ta ce in riƙa duba kunnen Dije na hagu, yana mata ciwo in ta yi wanka.

To, mai asiri ta tafi, sai a ga sauƙi ko? Ina! Sati biyu bayan haka idanunsa sunka koma rawaya, fitsari ya yi ja, ciki ya ɗaure har cibiya ta fito, numfashi sai a zaune. Munka sayar da bijimin gida, munka hau kamiyon albasa, wato babbar mota, zuwa Tawa. Hanyar nan ta jijjiga shi har ya yi ta kiran sunan Allah da Faransanci da Hausa. A babban gidan likita kwana uku munka yi gindin bishiya kafin a kira mu. Kullum a ce gobe. Ruwa ma sai an yi layi a famfo guda, in ka tashi neman fura wani ya gaje maka inuwa. Ban ga laifin ma'aikatan ba, su kaɗan ne mu kuwa kamar fari, amma wanda ke riƙe da marar lafiya, gobe tana yi masa nisa.

Likitan da ya gan mu wani tsoho ne ɗan Sanigal, shi ma ya yi aikin soja. Ya buɗe tafin hannun Kafaral ya ga ya yi ja, ya ɗaga riga ya duba ƙirji, ya ƙwanƙwasa ciki. Bai tambaya ko yana sha ba. Da Faransanci ya yi masa magana, daga baya tafinta ya gaya mini cewa ya yi, «Kafaral, tun wace shekara?» Yayana ya yi ƙoƙarin miƙe kafaɗa kamar yana gaban babbansa, ya ba shi amsa. Shekara goma sha bakwai.

Sannan likita ya sa tafinta ya yi mini bayani, kuma kalma ɗaya ta zauna mini har yau: ormon. Ya ce wani abu ne cikin jini, shi ke sa namiji gemu da murya da ƙarfin ɗaki, mace kuma nata daban. Kowane namiji yana da ɗan na mata kaɗan a jikinsa, hanta ce ke tace shi kamar rariya. Giya mai yawa, shekara da shekaru, tana ƙona hanta, sai na matan ya taru, na mazan kuma giyar ta rage shi tun daga tushe. Shi ne nonon, shi ne gemun, shi ne rashin ƙarfin. Ya ce ba kowane mai sha ke kaiwa nan ba, amma wanda ya kai, ta wannan hanya ya biyo.

Na ce, «To, ba asiri ba ne?»

Tafinta ya faɗa masa. Tsohon ya girgiza kai ya ce asirin yana cikin kwalba. Ya ce da an tsai da shan tun sanda nono ya fara tasowa, da akwai magana, ko wata biyu da sunka wuce ma da an ɗan ja kwana. Sannan ya ce, «A ƙauye wa ke kawo masa?» Kafaral ya ce da shi, shi ke saye da kansa. Ka ji, har a nan shi ne ya rufa mini.

An zuƙe masa ruwa daga ciki, ya kusa cika bokiti. An hana shi gishiri. Kwana uku da rabuwa da kwalba jikinsa ya kama rawa, da rana tsaka yana ganin kunamu suna bin bango. Ya riƙe mini riga ya ce, «Mamman, ɗaya tak. Ɗaya, don Allah.» Na ce a'a. Ya zage ni, ya ba ni oda da Faransanci, ya yi kuka. Na ce a'a. Wannan ce a'ar farko da na taɓa ce masa, ta zo a makare da shekara biyar.

Sati uku munka yi. Ni ke masa wanka, ni ke zubar da tasa, ni ke juya shi. Nan na ga yadda mutumin da nake tsoro ya koma, har ina iya ɗaga shi da hannu ɗaya ban da cikin. Akwai wata Buzuwa daga wajen Keita da ke jinyar mijinta mai karayar ƙafa. Ba mu san juna ba, Hausarta ma kaɗan ce, amma kullum sai ta dama kunu marar gishiri ta miƙo mana, ta kuma tsare mini shi in na tafi famfo. Ban ko tambayi sunanta ba. Allah ya saka mata. Danginmu kuwa mutum biyu sunka zo, ɗaya ya kawo laya, ɗaya ya kawo labarin cewa an ga Rabi a kasuwar Buza tana dariya.

Ranar da likita ya ce mu koma gida, na san abin da ake nufi, shi ma ya sani. Muna jiran kamiyo a tasha ya ce, «Mamman, mun ci amanar ɗiyar mutane. In mun isa ka tahi ka ɗauko ta. Ka gaya ma Baffa, ka gaya ma Inna. Ka tona, ni na yarda.»

Na ce to. Munka isa Galma ranar Talata. Na ce bari ya huta tukuna. Laraba gida ya cika da masu dubiya, na ce ba yau ba. Alhamis na je har ƙofar Baffa, na tarar da baƙi, na gaishe su na komo. Gaskiya ita ce, in na tona nasa, nawa zai biyo baya, za a ce wa ke kawowa. Ranar Asabar da hantsi ya yi aman jini, kafin azahar ya cika, kansa bisa cinyata. Abin da ya tambaya na ƙarshe shi ne ko Rabi ta iso. Na ce tana hanya.

Inna ta ce kada Rabi ta taka gidan, can gidansu ta yi takaba. Bayan sadakar bakwai na sami Inna ita kaɗai tana tsince gero, na durƙusa na gaya mata komai, tun daga kanti har maganar likita. Ba ta daina tsincewa ba. Ta ce, «Kai kana tsammani uwa ba ta da hanci?» Ta ce, «Ya tahi da mutuncinshi. Ka bar mamaci da asirinshi, in ni na haihe ka.»

Da Rabi ta fita takaba na ɗauki Dije na kai mata Dewule, wannan kaɗai Inna ta yarda da shi. Na same ta tana saƙar faifai. Na faɗa mata abin da likita ya ce, da saƙon mijinta, na roƙe ta gafara. Na ce, «Ki gane, yayana ne. Asirinshi nike rufawa.»

Ta ajiye faifan ta ce, «A'a, Mamman. Ni ce na rufa ma mijina asiri, na kuma biya. Kai naka ka rufa.» Ta ce ta yafe wa mamaci. Ni kuma abu ɗaya take so, in tsaya ƙofar masallacin Galma ranar Juma'a in faɗi abin da na faɗa mata.

Na ce sai bayan ran Inna. Inna ta rasu, na ce sai Dije ta yi aure. Da auren ya zo, gida biyu sunka janye don an ce ɗiyar mai asiri ce, sai can nesa ta samu miji, ni kuwa ina ji ina gani. Rabi ba ta sake aure ba. Wa zai ɗauki macen da ta mai da soja mace? Na bar sana'ar tabarma, na je Makka, ana ce mini Alhaji, ni ma yanzu sahun gaba nake. Juma'a nawa ta wuce, ban iya ƙirgawa ba.

Kai mai karatu, in ka ga namiji mai sha ciki na fitowa hannu na ramewa, kada ka yi masa barka. In gemu ya zube, ƙirji ya tasa, kada ka tona murhun kowa, ka kai shi likita. In likita ya tambaye ka, ka rufe ƙofa ka faɗi gaskiya, shi ba liman ba ne. In kai ne mai kawowa, ka ajiye tun yau.

Rabi ta rasu da damanar bana a Dewule. Na je jana'iza, na ji wata tsohuwa tana gaya wa wata, «Ita ce fa wadda ta yi wa sojan Galma abin nan.» Shi ya sa na rubuta wannan, kuma Juma'ar nan zan ba ladan ya karanta bayan an sallame, ina tsaye kusa da shi. Na san na makara, na saba.

Mutanen Galma, Rabi ba ta yi wa kowa asiri ba. Giya ce ta ci hantar Kafaral, kuma ni ke kawo masa ita daga Madawa, cikin tabarma.